Muryar Inna Mariya

Malam Ishaku na Tudun Wada ba mutum ne mai son na'ura ba. Shekara talatin yana koyarwa da alli, da allin kuma ya yi ritaya. Abin da ya haɗa shi da kwamfuta mahaifiyarsa ce, Inna Mariya, tsohuwar da ta haura tamanin. Ita kaɗai ta rage da ta san yadda zuriyarsu ta taso daga ƙasar Kano ta zo Jos haƙar kuza: wa ya haifi wa, wa rami ya rufta wa a Bukuru, wa ya yi aure a Barikin Ladi ya ƙi dawowa. Shekara biyu yana zaunar da ita bayan la'asar yana ɗaukar maganarta a rikoda. Kaset uku kacal gare shi. Idan sun cika, sai ya juye a kwamfuta, ya goge, ya sake ɗauka a kansu. Tsimin malaman makaranta ke nan, ba mai raba su da shi.

'Yarsa Fatimatuzzahra ce ta haɗa masa kwamfutar, don abin da ta karanta ke nan a jami'a. Tun da farko wani filashi da ya je shagon buga takardu ya dawo da bairos, cutar nan ta kwamfuta, ya cinye maganar zama biyu. Inna ta maimaita su, tana mita. A ranar, Fatimatuzzahra ta cire Windows ɗin da kowa ya saba da shi, ta sa wani tsari wai shi Linux, daga faifan da aka aiko mata ta gidan waya kyauta.

"Baba, wannan bairos ɗin filashi ba ya kama shi," in ji ta.

Ta nuna masa wurare uku da zai riƙa dannawa. Kuma gaskiyarta, shekara ɗaya da rabi ko tari kwamfutar ba ta yi ba.

Da za ta tafi bautar ƙasa wani ƙauye bayan Kalaba a 2007, ta ajiye masa sababbin faifai biyar. "Baba, don Allah ku juye maganar Inna a nan. In kuma kwamfutar ta samu matsala, kada ku bari kowa ya taɓa sai kun kira ni." Ya ce to. Faifan suka shiga durowa da ledarsu.

Inna ta rasu cikin ruwan Agusta. Malam Ishaku ya bi dangi ɗaya bayan ɗaya ta waya, na Bauchi da na Kaduna da na Kano, yana yi musu alkawari: ranar sadakar arba'in za su ji ta da muryarta, kowa kuma zai tafi da faifai. Saura kwana huɗu, wutar lantarki ta dawo da ƙarfi da hantsi, ɗakin ya ɗauki ƙauri, kwamfuta ta yi shiru.

Ya tuna da maganar 'yarsa, kada a ce ya manta. Amma ƙauyen da take sai an hau tudu ake samun sabis, kuma wannan ai matsalar wuta ce kawai. Ya naɗe akwatin kwamfutar a bargo, ya rungume shi a bayan acaɓa, sai shagon wani mai gyara, Ifeanyi, a wajen kasuwar Taminus.

A yi wa Ifeanyi adalci. Duk layin masu gyaran nan babu mai hannu kamarsa, ba ya sace ƙarfen mutane ya sa tsoho, kuma yana ganin girman dattawa. Malam Ishaku ya ce masa wuta ce ta ƙona. Bai faɗi abin da ke ciki ba. Me ya haɗa mai gyara da tarihin gidansu?

Washegari ya tarar da Ifeanyi yana ta fara'a.

"Baba, kwamfuta naka ya tashi! Akwatin wuta ne ya ƙone, na canja. Amma da na kunna, ban ga Windows ba. Farin rubutu yana gudu a baƙin allo, sai komai ya koma ruwan ƙasa. Na kira Sodiq, na kira Dantong, duk layi mun duba. Ba wanda ya taɓa gani. Sodiq ya ce babban bairos ne."

"Sai aka yi yaya?"

"Na cire ma'ajiyar ciki, na ɗora a injin nawa don in kwashe kaya naka tukuna. Ya nuna babu komai, bairos ya riga ya cinye. Sai na yi fomatin, na wanke shi tas, na sa sabon Windows. Na cika maka da fim da waƙa har wuya. Kyauta ne, Baba, kai malami ne."

Ba ƙarya ya yi ba. Injinsa bai iya karanta ajiyar Linux ba, don haka ya nuna fanko. Fomatin kuwa a layin nan kamar Fanadol yake, ko me ya dami kwamfuta shi ake ba ta.

Malam Ishaku ya nemi benci ya zauna. 

"Baba, lafiya? Akwai abu a ciki?"

"Uwata ce a ciki," ya ce.

Ifeanyi ya ɗora hannu biyu a ka. Ya ƙi karɓar ko kuɗin akwatin wutar, ya raka shi har titi yana ba da haƙuri.

Sai bayan azahar aka samu Fatimatuzzahra. Ta ce da fomatin ne kawai, da akwai ɗan abin da za a ceto. Da ta ji an dankara finafinai a kai, sai ta fashe da kuka. Ba ta tambaye shi faifan nan biyar ba, kuma wannan ya fi masa ciwo.

Ranar arba'in tsakar gida ya cika. Bayan addu'a, Malam Ishaku ya faɗi abin da ya faru, bai ɗora wa kowa laifi ba. Sannan ya ajiye rikoda a kan tabarma. Kaset biyu ya riga ya goge su. Na ukun zaman ƙarshe ne, minti huɗu, ranar da jikinta ya fara tsanani.

Aka ji tarinta, aka ji ƙarar kofi. Mata suka fara share hawaye. Sai muryarsa, yana tambaya: "Inna, shi kakanmu da ya fara zuwa Bukuru, wane ne ubansa?"

Inna ta yi 'yar dariyar nan tata.

"Kai Ishaku, ka cika naci. Ba na faɗa maka ba? Je ka duba, duk yana cikin akwatin naka."