Manhajar da Ta Goge Tsagar Inna

Jiya bayan azahar na ɗan kishingiɗa a zaure, sai na yi wani mafarki da har yanzu bai sake ni ba. Amma bari in fara da ɓarnar da na yi ido biyu, don daga ita ya samo asali.

Hoton Inna, mahaifiyata, ɗaya ne tak a duniya. Na takardar gara ta cinye shi bara, saura wanda na ɗauka da waya, shi ma duk ya yi dishi-dishi. Shekaranjiya na ji ana yabon wata sabuwar manhaja a rediyo, wai tana gyara tsofaffin hotuna. Ni Nomau, da rawar kai irin tawa, ban tambayi kowa ba na sauke ta na danna. Ta kuwa gyara. Ta share tabon ruwa, ta share karce, ta haɗa da tsagar Gobirci da ke kumatun Inna, wai ita a ganinta duk karce ne. Sannan ta ajiye sabon a kan tsohon. Na zauna ina kallon wata baƙuwa mai santsin fuska sanye da kallabin uwata.

To, a mafarkin sai ga ni a layi gaban wani ofishi. Duk wanda ya matsa gaba sai ya ƙara nisa da ƙofa, don haka na yi ta ja da baya har na isa. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tashi, yana kwashe hotunan mutane zuwa gajimare. Babu rana a sama, batirin waya ne a rataye, ya yi ja, saura kashi tara. Kowa ya san da ya mutu za a rufe ƙasar.

Wata akuya ce a bayan teburi, da tabarau, tana taunar igiyar caja.

Ta ce, "Mi kaka nema?"

Na ce, "Tsagar uwata anka goge."

"Ka karanta sharuɗɗa kahin ka danna?"

"Wa ka karanta su?"

"Mu ma ba mu karantawa, cinyewa mukai." Ta gyara tabarau. "Tabbatar muna kai ba inji ba ne. Yi atishawa."

Na yi iya ƙoƙarina, ta ƙi zuwa. Akuyar ta gaji ta yi mini ita, ta buga hatimi a goshina, ta ce in shiga in nemo uwar tawa da kaina. Na ɗaga kai, saura kashi shida.

Sai ga ni a tsakar gidanmu na Sabon Birni, amma ya yi faɗin filin idi. Mata sun fi ɗari uku, duk fuskarsu ɗaya, sumul kamar sabon kwano. Suna ganina suka taso suna murmushi iri ɗaya.

"Nomau! Nomau ɗana! Ni ce Inna!"

Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina leƙa fuska, ina gudu, takalmina na gudu a gabana. Can sai na tsaya cak. Ai ni ɗan fari ne. Tunda Inna ta haife ni har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunana ba, saboda kunya, ba ta kuma taɓa kallona ido cikin ido ba. Duk wadda ta ce Nomau ba ita ba ce.

Na bar masu kira na nemi mai shiru. Tana can gindin rumbu ta ba ni baya, tana daka, turmin a sama, taɓaryar a ƙasa. Da na matso sai ta ƙara kau da kai, ta yi wa rumbu magana.

"A ce ma wancan akwai hura cikin ƙwarya."

Na ji hawaye sun zo mini. Ita ce, ko tantama babu.

Ban kai ga ƙwaryar ba na ga wani ƙadangare zaune a gefenmu da zabirar wanzamai. Ya zazzage ta a ƙasa, sai ga layuka tsibi guda, duk abin da manhajar ta share daga hotunan duniya: karce, tamoji, gashin baki, tsagar mutane kala-kala, suna motsi.

Ya ce, "Tsagar uwarka na nan ciki. Hwaɗi, dama nawa, hagu nawa? Sau ukku kaɗai aka gwadawa, in ka kuskure a kulle huskar har abada."

Ashe ban san adadin ba. Ni ba a yi mini tsaga ba. Shekara hamsin da ɗaya na yi da matar nan, na ci tuwonta, na kai ta asibiti, na ɗauki makararta, amma ban taɓa tsayar da ido a fuskarta na ƙirga ba. Ita tana kunyata, ni ma na taya ta.

Na ce, "Biyar da biyar?"

Ya gyaɗa kai. Na yi murna, ashe shi a'arsa ma da gyaɗa kai yake yin ta.

"Takwas da bakwai?"

Ya sake gyaɗawa. "Saura guda."

Batirin sama ya koma kashi ɗaya, ya fara ƙifta ido. Matan nan suna ta narkewa suna hawa sama tare da ruwa. Na durƙusa bayan Inna.

"Inna, don Allah ki yi man rai. Ni na ɓata, ni na danna. Nawa ta?"

Sai ta ajiye daka, ta yi abin da ba ta taɓa yi ba a duniya, ta juyo ta dube ni sosai. Fuskar sumul take, amma idon nata ne. Ta kama yatsana ta ɗora a kuncinta na dama.

"Na'ura ido gare ta, ba ta da hannu," in ji ta. "Taɓa ka ji."

Ashe layukan tsagar suna nan a ƙarƙashin santsin, kowace da gurbinta. Ta riƙa jan yatsana a hankali daga bakin leɓe zuwa kunne, muna ƙirgawa tare, muryarta ƙasa-ƙasa. Ɗaya. Biyu. Uku. Hannunta da ɗumi. Huɗu.

Nan injin markaɗen maƙwabta ya tashi, tatatatata.

Na farka a zaure, gumi ya jiƙa mini riga, yatsana a miƙe cikin iska. Na runtse ido da ƙarfi na koma na kwanta yadda nake, na ja hula na toshe kunne, ina cewa huɗu, huɗu, don kada in manta inda muka tsaya. Barcin bai dawo ba. Sai da suka markaɗa wake bokiti uku.