A Gafarce Ni, Pak

Wening ɗaliba ce a Yogyakarta, wani birni a tsibirin Jawa. In ta zauna tunaninta watsewa yake yi, sai tana tafiya yake taruwa. Ranar kare kundin digirinta, malamarta Bu Ratmi ta samo mata izinin amsa tambayoyi tana zagaya ɗaki.

Pak Harjito, dattijon farfesa cikin masu yi mata tambayoyi, ya yi tsaki. "Mu a zamaninmu ko tari ba ma yi."

Ya manta Wening 'yar Jawa ce mai tarbiyya. Duk sanda ta gifta gabansa sai ta rusuna, ta sauke hannun dama, ta ce, "A gafarce ni, Pak," shi kuma dole ya gyaɗa kai. A zagaye na sha biyu wuyansa ya ƙage.

"Ke 'yar nan, kashe ni za ki yi!" Ya miƙe ya jera da ita, suna tafe suna gardama kan babi na uku, har da dariya.

Da aka gama, Bu Ratmi ta ce, "Pak, kai ma in samo maka izinin?"

"Samo," ya ce a hankali. "Shekara talatin ke nan ina cije haƙori a kujerar nan."