Kunnen Baban Yara

Ina tsugune ina wanke wa yara takalma, maƙwabciyata ta faɗo gidan da rediyo a hannu, ko sallama babu. Jirgin ƙasan safe ya faɗa kogi daga kan gada, kuma baban yara na ciki, ya tafi sarin kayan gyaran keke. Ƙasar gaba ɗaya ta yi kuka. A unguwarmu ba layin da ba a yi rashi ba.

Da shekara ta zagayo, kwamitin unguwa ya ce za a taru a filin makaranta, kowane gida ya kawo hoton nasa a manna a bango. Nan hankalina ya tashi. Baban yara ya tsani hoto, da an ɗaga waya sai ya ce cikinsa ya murɗa. Katin shaidarsa kuma yana aljihunsa ranar. Na birkice gidan kaf, hoto ɗaya na samu, na ranar da ƙaninsa tela ya buɗe shago. Tela ya cika hoton da haƙora, shi kuwa ya laɓe a bayansa.

Na kai wa mai hoto na ce ya ƙara wa mijina girma. Yana waya, ya ce, "An gama, Mama. Ni zan kai wa kwamiti." Bai tambaye ni wanne ne mijin ba.

Ranar taro shugaban kwamiti ya yi jawabi, ya yaye ƙyallen da aka rufe bangon da shi. Sai ga tela a tsakiyar mamata yana washe baki. Telan kuma ga shi tsaye kusa da ni.

"Innalillahi! Yaya, ni ne can?"

Wata tsohuwa ta dafa ƙirji. "Allah sarki, ashe har da tela? Ga zanena a wurinsa!"

"Ga ni nan da raina, Iya!"

"To ina zanena?"

Mutane suka kwashe da dariya, har masu hawaye a fuska. Ni ban yi ba, don ƙaramar 'yata ta ja mini hannu tana cewa, "Mama, ina Baba?"

Shugaba ya ce a cire hoton, a bar gurbin haka, baɗi a gyara. Na ce kowa yana da nasa a bangon nan, mijina ba zai zama fili ba. Na matsa na duba sosai. Can bayan kafaɗar tela ga kunnen baban yara, ya yi girma kamar tafin hannu.

"Tela, ina almakashinka? Cire fuskar nan taka ka bar mini yayanka."

Ya yanka yana ƙunƙuni, wai bai taɓa yin kyau a hoto irin wannan ba. Aka manna kunnen da ɗan gefen wuya.

"Haba baiwar Allah," in ji shugaba, "manyan baƙi na hanya, kunne za mu nuna musu?"

Kafin in ba shi amsa mai aski ya kutso. Ya tsaya ya ƙura wa bangon ido.

"Wallahi shi ne. Ga ɗan tabon da na yi masa, ya motsa yana gardamar ƙwallo." Ya juya baya yana goge ido da hannun riga.

Nan fa aka yi layi. Mai shayi ya ce a bayan kunnen nan yake saƙale ashana. Wani ya ce bai taɓa jin kiran a zo aikin gayya ba, amma ko raɗa aka yi an sauke tukunya sai ka gan shi. 'Yata ta sa aka ɗaga ta, ta shafa shi. Da manyan baƙin suka iso, su ma a nan suka fi daɗewa.

Bayan taro na kawo shi gida na manna kusa da ƙofar ɗaki. Kullum da safe, kafin in ɗora ruwa, nakan matsa in gaya masa wanda ya yi rashin ji cikin yaran. Har yau bai katse ni ba.