Ɗan Kunnen Baba

Fulogin hagu na babur ya fito baƙi ƙirin, kamar an tsoma shi cikin kunkunniya. Mai Allura ya ajiye shi kan tsumma kusa da na dama, wanda ya fito fari tas, ya zuba musu ido. Inji ɗaya, tanki ɗaya, amma ɗaya ya ƙoshi har yana amai, ɗayan kuma yana azumin dole.

"Malam, da kai nake!" Matarsa ta zagayo ta damansa, don ta san kunnen hagu ya daɗe da yin ritaya. "Na ce babban ɗanka ya yi waya. Bayan la'asar zai zo da dillalin."

"Su zo. Akwai tabarma."

"Babur ɗin za su ɗauka."

"Na ji. Wannan dai na ji."

Tun yana aikin yi wa dabbobi rigakafi yake hawa babur ɗin nan mai silinda biyu, shi ya kai shi duk wani lungu da ake kiwo, har sunan Mai Allura ya bi shi. Makon jiya ne injin ya mutu masa a tsakiyar mararraba, wata tifa na ta zuba masa oda ta hagu bai ji ba, sai da direban ya ja birki har ƙasa. Labari ya riga shi isa gida. Babban ɗansa ya yanke magana: babur ya tsufa, kunne ya tsufa, a sayar da ɗaya tunda ɗayan ba ya sayuwa. Da ma ya saya wa uban na'urar ji, 'yar mitsitsiya mai launin fata, tana nan cikin kwalinta a kan talabijin. Mai Allura bai taɓa sa ta ba. Ɗan kunne yake kiranta, ya ce shi ba amarya ba ne.

Ya goge fulogin da burushin waya, ya mayar. Kafireta biyu ce a jikin injin, kowace silinda da tata, kuma dole su riƙa shaƙar iska daidai wa daida, in ba haka ba injin ya yi ta tari yana mutuwa. Duk rayuwarsa da kunne yake daidaita su. Ya tsuguna a baya tsakanin salansa biyu, ya saurari hagu, ya saurari dama, ya murɗa noti. Yanzu da ya ga fulogin nan, ya gane ɓarnar da ya yi. Tun da kunnen ya fara toshewa yake jin bugun hagu ya yi rauni, sai ya ƙara buɗe kafiretar hagu, ya ƙara mata mai. Injin lafiyarsa ƙalau, mai gyaran ne ya karkace.

Bai faɗa wa kowa ba. Ya tashi ya shiga ɗakin shirgi, ya fito da wani dogon katako da robar ƙarin ruwa da ta rage masa tun zamanin aiki.

"To fa. Yau babur ne za a yi wa ƙarin ruwa?" in ji matar.

"Kawo min ƙananan ƙusoshi, ki bar surutu."

Ya lanƙwasa robar a tsakiya, ya kafe ta a jikin katakon, bakunanta biyu suna kallon sama. Ya ɗura mata jan man giyar mota har ya tsaya rabi, daidai a kowane gefe. Ya jingina katakon da bangon kicin, ya soka bakin roba ɗaya a ƙaramar kafar da ke wuyan kafiretar hagu, ɗayan a ta dama. Gefen da ya fi zuƙa shi zai ja man sama. Abin da kunne ya kasa, ido ya gwada.

Ya buga kik. Injin ya tashi da gurnani, kafin ya ɗaga kai jan man ya tsere ta dama kamar an kore shi, ya shige cikin injin gaba ɗaya. Farin hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida, ya bi kayan shanya. Matar ta yi tari har da hawaye, tana dariya.

"Sannu, likita! Majinyaci ya shanye maganin har da kwalba!"

"Ai ya nuna yana da rai."

"Zanen gadona kuma fa?"

"Zai yi ƙamshin tafiya."

Ya kashe, ya sake ɗura mai. Wannan karon ya rage notin hagu sosai tun kafin ya tayar, ya kuma miƙa mata robar. "Matse nan da yatsa. In na ce saki, ki saki kaɗan kaɗan. Kar ki sake shi gaba ɗaya kamar bakinki."

Ta harare shi, amma ta tsuguna ta matse. Rabon da ta taɓa wani abu na babur ɗin nan tun yaran suna ƙanana, lokacin da yake ɗora su gaba da baya ya kai su makaranta.

Injin ya tashi. Ta saki a hankali. Man ya hau ta dama, yana rawa, bai kai wuya ba ya tsaya. Mai Allura ya sa sukudireba tsakanin kafiretocin, ya murɗa ɗan kaɗan, ya jira. Man ya sauko. Ya ƙara, sai ya wuce ta hagu. Ya ja tsaki, ya dawo da notin baya kamar kaurin gashin kai. Ya murɗa totur, ya saki, ya jira man ya natsu. Haka ya yi ta yi, rana na dukan ƙeyarsa, zafin injin na gasa masa hannu, har layukan nan biyu jajaye suka tsaya kafaɗa da kafaɗa suna ɗan karkarwa tare.

Sai ya ji shiru. Ya zaci injin ya mutu, ya kai ƙafa zai sake buga kik.

"Me za ka yi? Ai yana aiki," in ji ta.

Ya ɗora tafin hannu kan tanki. Yana nan, yana numfashi a hankali. Tsawon watannin nan tarin injin kawai yake ji, da tarin ya tafi sai babu abin da ya rage wa kunnensa.

Saura cakuɗar mai da iska, kuma wannan roba ba ta nuna ta. Akwai ɗan noti a ƙasan kowace kafireta, ana murɗa shi har a ji inda muryar injin ta fi tashi ta fi tsabta, a tsaya nan. Ya murɗa ciki, ya murɗa waje. Ya kara kunnen dama har salansa ta kusa ƙona shi. Duk ɗaya yake ji. Ya zauna kan dugadugansa, sukudireba a hannu.

Matar ta dube shi. Ta shiga ɗaki, ta fito, ta ajiye ƙaramin kwalin ɗan kunnen kan sirdin babur, ta koma wajen kwashe shanya ta ba shi baya.

"Ba don yaron nan ba," ya ce da ƙarfi.

"Ni na yi magana?"

Da ƙyar yatsunsa masu maiƙo suka zaunar da abin a kunne. Duniya ta faɗo masa gaba ɗaya: famfo na ɗiga, rediyon maƙwabta, silifas ɗin matarsa. A ƙarƙashin duka kuma ga injin, bugu biyu suna karɓa wa juna. Ya murɗa notin hagu, murya ta tashi, ta ƙara tashi, ta fara shaƙewa, ya dawo da shi kaɗan. Nan ne. Ya yi wa dama haka. Ya cire roba, ya toshe kafofin, ya zauna yana saurare kamar wanda tsohon aboki ya kawo wa ziyara.

A haka suka same shi, ɗan a gaba da rigar ofis, dillali a baya yana kaɗa makullai. Dillalin ya zagaya babur ɗin, ya karkata kai, ya dubi ɗan.

"Ranka ya daɗe, wannan ne ka ce min ya gama yawo? Ai ko agogo bai fi shi ba."

Ɗan bai kula shi ba, kunnen uban yake kallo. "Baba, ka sa?"

"Aron sa na yi."

"Baba, ni ba injin ne damuwata ba. Ranar nan da direban bai taka birki ba, da yanzu zaman makoki muke. Ka bar shi ya tafi, duk inda za ka ni zan kai ka. Wallahi ko..."

Mai Allura ya dube shi da kyau. Ya ga gumi a goshinsa, ya ga tsoron gaskiya ne. Ya gyaɗa kai sau ɗaya. Da dillali ya gyara murya zai fara tayi, sai ya kai hannu ya zare ɗan kunnen, ya jefa a aljihun gaba. Bakin mutumin ya ci gaba da motsi, hannuwansa na ta bayani. Matar ta toshe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na girgiza.

Ya ɗauke babur daga jak, ya tura shi ta tsakaninsu har bakin ƙofa. Ɗan ya biyo shi ya tsaya a dokin ƙofar, hannu a ƙugu. Mai Allura ya hau, ya gyara madubin hagu, ya sake gyarawa. Sannan ya laluba aljihu, ya ciro ɗan kunnen, ya ɗaga shi sama yadda yaron zai gani, ya mayar da shi kunnen hagu.

"Na titi ne," ya ce. "Ba na cikin gida ba."

Ya duba hagu, ya duba dama, ya sa giya.