Jan Kunne a Gonar Kaka

Tsoho Maccido na Jiga Birni ba shi da labarin da ya wuce na gonar kakansa, fadamar albasa mai tsamiya a tsakiya, wadda Bature ya zo ya kafa wa turke ya ce daga yau ta gwamnati ce. Da ya ce "zamanin Nasara", sai kowane jika ya tuna ana kiransa a cikin gida. Abin yana ci masa rai ƙwarai, don yana tsoron ranar da ya kwanta dama gonar ta bi shi kabari.

Sai ya aika garin Jega aka kira masa Kalilu, mai zana zaki da ɗawisu a bayan manyan motoci.

"Ga bangon zaure nan," in ji Maccido. "Ka zana mani jan kunne tsakiyar gonar kakana, in gani ko ɗiyan ga na iya guje ma bango."

A bakin tsofaffi, jan kunne Bature ke nan. Shi kuwa Kalilu jan kunne ɗaya ya sani, wanda ya sha a hannun uwarsa. Bai tambaya ba, wai shi gwani. Ya kare bango da tabarmi ya shiga aiki.

Ranar buɗewa unguwa ta taru. Aka yaye tabarmi: ga albasa kore shar, ga tsamiya, ga wani ƙaton manomi ya damƙe kunnen wani siririn mutum yana ja, har ƙafafunsa sun bar ƙasa.

Dariya ta ɓarke. Maccido ya ɗaga sanda. "Mi nac ce maka? Ina Nasaran?"

"Baba, jan kunne kac ce, ga shi nan ana yi!"

Jikarsa Amira ta matso. "Kaka, wanga ƙato shi na kakanka? Mi mutumen yay yi mashi?"

Sanda ta tsaya a sama. Ba a taɓa samun jikan da ya tambaya ba sai yau. Maccido ya daɗe yana duban ƙaton. Kakansa na gaskiya hula ya cire, ya durƙusa gaban Baturen, ya koma gida ya yi kuka.

"Kalilu, ɗauko fenti. Aza ma siririn malafar Bature, ka shafa ma kunnen ja."

"Kaka, haka anka yi?" in ji Amira.

"Ba haka anka yi ba. Ku zamna in gaya maku yadda anka yi."

Suka zauna.