Baba a Layin Gaba

Malama tana tsaye a bayan labule tana manna wa Dogo farin gemu, sai ga ƙanwarta Auta ta faɗo tana haki.

"Yaya, don Allah kada ki yi fushi. Na zo da Baba."

Saura kaɗan kwalbar gam ta suɓuce daga hannun Malama.

"Wane Baban?"

"Baba nawa gare mu? Sanarwar wasan ya gani manne a bangon kasuwa, da sunanki a jiki. Ya rufe shago, ya ce in kawo shi. Yana layin gaba, har ya tuɓe takalmi ya miƙe ƙafa."

Adabi Malama take koyarwa a makarantar sakandare, ranakun hutu kuma tana tare da wata ƙaramar ƙungiyar wasan kwaikwayo. Sun daɗe suna neman wasa na zamani da za su sa. Darakta ya ce ya gaji da sarakuna da aljanu, yana son mutanen da ke hawa bas suna rigima a kan canji. Da neman ya ci tura sai ta zauna ta rubuta nata. Labarin wani tsoho ne mai gyaran rediyo, ɗansa ya ƙi gadon sana'a ya kama tuƙin babbar mota, tsohon ya ce kada ya sake taka masa ƙofa.

Babanta agogo yake gyarawa. Iyakar abin da ta canza ke nan. Wanta kuwa yana can wani gari da motarsa, yau shekara da shekaru ko gaisuwa ba ta haɗa shi da mahaifinsa ba.

Ta juya ga Dogo, tela ne, shi ke fitowa a matsayin tsohon.

"Dogo, ka taimake ni. Yau ka bar cire tabarau kana gogewa da bakin riga."

"Haba Malama, ke fa kika koya min. Kika ce haka tsohon yake yi in ransa ya ɓaci. Yanzu hannuna da kansa yake zuwa."

"To ka ɗaure hannun!"

Darakta ya leƙo da lasifika a rataye a wuya. Da ya ji abin da ake ciki sai ya dafa kai.

"Malama, ɗaki ya cika, har da na tsaye. Ba abin da za mu taɓa yanzu. In ya kore ki daga gida, matata tana da ɗakin baƙi."

Ba ta yi dariya ba. Aka buga ƙararrawa, aka ja labule.

Ta sami wata 'yar kafa a gefen dandamali ta manna ido. Ga Baba nan, ya ɗora hannuwa a kan gwiwa kamar mai jiran likita. Wasan ya fara da tsohon yana musu da wata mata da ta kawo rediyo tana rantsuwa ya lalace, alhali batir ta sa a juye. Ɗaki ya ɗauki dariya. Baba ma ya yi, har yana dukan cinyarsa yana zungurin Auta da gwiwar hannu.

Malama ta ɗan sauke numfashi, amma ta san abin da ke tafe.

Ɗan ya shigo shagon riƙe da lasisin tuƙi. Magana ta yi zafi. Kalmomin da ta ji da kunnenta tun tana budurwa, tana laɓe a bayan ƙofar kicin, su ne yanzu suke fita daga bakin Dogo ɗaya bayan ɗaya. Dogo ya cire tabarau ya kama bakin riga. A layin gaba, Baba ma ya cire nasa yana gogewa a hankali, idonsa a kan dandamali.

Malama ta ja da baya daga kafar. Ta zauna a kan akwatin kayan wasa ta rufe fuska.

Ba ta rubuta sulhu a ƙarshen wasan ba, don ba ta san yadda sulhun zai kasance ba. Tsohon yana zaune shi kaɗai a shago, ya ji babbar mota ta tsaya a waje, ya tashi da sauri ya leƙa, ya ga ba ɗansa ba ne, ya dawo ya zauna. Aka kashe fitila. Ɗaki ya yi tsit, sannan tafi ya ɓarke. Da ta sake leƙawa, kowa yana tafi ban da Baba.

Ana cikin kwashe kujeru ya shigo bayan labule, Auta tana binsa kamar wadda za a yanke wa hukunci.

"Ina tsohon?"

Dogo ya matso, rabin gemunsa ya ɓalle yana lilo. Baba ya kama hannunsa ya riƙe.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana. Ka sa ni dariya, ka kuma ɓata min rai." Sai ya juyo ga Malama. "Ke kuma zo nan."

Ta matso, kanta a ƙasa.

"Ashe ba ki da kunya? Ki ɗauko Baffanku ɗungurungum ki ɗora a gaban jama'a? Wannan taurin kai, wannan baƙar zuciya! Allah ya rufa asiri bai zo ba."

Malama ta ɗago ta dube shi. Ta ji kamar an sauke mata buhun siminti daga ka.

"Baba, ai ƙirƙira ce kawai."

"Ƙirƙirar me? Ni za ki gaya wa? Ciki ɗaya muka fito da shi. Har goge tabarau ba ki bar masa ba."

Auta ta raɗa mata a kunne, "Baffa fa bai taɓa sa tabarau ba." Malama ta take mata ƙafa. Dogo ya juya baya yana tari, Darakta kuma ya ce bari ya je ya duba fitilu.

Rana ta yi sanyi lokacin da suka shiga bas. Baba ya zauna ta taga, Malama a gefensa, Auta a bayansu. Yana ta maimaita zancen matar nan mai batir yana dariya, har fasinjan gaba ya waiwayo. Da suka wuce kasuwa sai ya juya ga taga. Wata babbar mota ta sha gabansu, ya bi ta da kallo har ta karya kwana.

"Wasan ya yi kyau," in ji shi. "A sake sa shi, mutane su gani. Amma ƙarshen nan bai yi min ba."

"Me ya same shi, Baba?"

"Mutum da girmansa ya zauna yana jiran mota ta tsaya? Shi ba shi da waya ne?"

Ya laluba aljihu ya ciro tsohuwar wayarsa mai maɓallai, ya ajiye mata a kan cinya ba tare da ya dube ta ba.

"Sa min lambar wanki. Ba yau zan kira ba. Ki dai sa."

Ta danna lambar, ta miƙa masa. Ya kai wayar kusa da ido ya duba, ya mayar aljihu ya dafe da tafin hannu.

"Kuma kada wanda ya kai wa Baffanku labarin wasan nan," in ji shi. "Mutum ne mai saurin fushi."