Muryar Sa'idu da Ƙarar Fanka

Abin da mijina Sa'idu ya bar mana da za a ɗauka da hannu bai wuce ordinatar ɗinsa ba, kwamfuta irin mai naɗewa da yake kaiwa lakwal ɗin Safo inda yake koyarwa. Moto ta kaɗe shi a hanyar Maraɗi lokacin 'yarmu Atika na da wata tara. A cikin na'urar akwai bidiyo guda na minti huɗu, yana zaune gindin darbejiyar gidanmu da Atika a cinya, yana kiranta Hajiyar Madarumfa yana tambayarta ina haƙoranta suka tafi. Yanzu shekarunta uku. Nan kaɗai ta san ubanta.

Da bazara ta shigo sai ordinatar ɗin ta fara mutuwa da kanta, ƙasanta da zafi kamar murfin tukunya. Na goya Atika na kai wa Ɗan Baba, mai gyara a bakin kasuwa, abokin Sa'idu tun suna yara. Ya buɗe, ya hure, ya ce fankar ciki ta gaji. Ya sa wani ɗan shiri na sarrafa fankar, mai layi da ake ja dama ko hagu, ya nuna min: dama gudu, hagu sannu. Ya ce in bar shi ƙarshen dama kullum, in ɗora na'urar kan bulo biyu, kuma in sayo kile, ɗan filas ɗin nan na ajiya, a kwafe bidiyon. Na ba Zahara'u, ƙanwata, saƙon kile, tunda ita ke zuwa Maraɗi. Sau biyu tana mantawa.

Da fankar a ƙarshen dama na'urar ba ta mutuwa, amma sai ta yi ta kuka kamar injin ban ruwa na bakin tafki. Lasifikarta kuwa da ma ba ƙarfi. Atika ta manna kunne, ta ɗago.

"Inna, Baba ya yi shiru."

Kwana uku na jure. Ran na huɗu da azahar tana da zazzaɓi, ta ƙi kunu, ta ƙi nono ma da take roƙo a da, sai Baba. Na ja layin hagu, can ƙarshe. Muryarsa ta fito tas, har tarin da ya yi a tsakiya. Ta ce a sake. Na sake, na kuma sakewa, ban ƙirga ba. Ta sha kunun.

Da na taɓa na'urar sai da na janye hannu. Kusa da ni ga kwano da zanen da nake jiƙa wa Atika jiki. Haka muke yi wa yaro, haka muke yi wa bidon ɗin ruwa, a naɗe da jiƙaƙƙen buhu ya huce. Na matse zanen, na lulluɓe na'urar har gefen da iska ke fita. Ta yi wani ɗan ƙara, ta ɗauke.

Ɗan Baba bai yi min faɗa ba, na so ma ya yi. Ya ciro abin ajiyar da bidiyon ke ciki, ya gwada a tasa na'urar, muka ji ƙas, ƙas, kamar ana taɓa ƙwarya da farce. Ya ce zafi ya daɗe yana cinsa, ruwan ya ƙarasa. Na tambaye shi ko a Maraɗi za a iya.

"Matar malam, ba zan yi miki ƙarya ba. Ko Yamai ban sa rai ba."

Washegari Zahara'u ta kawo kile, sabo a ledarsa.

Yanzu in Atika ta ce Baba, ni nake zama gindin darbejiyar in ɗora ta a cinya, in kauraro murya in ce Hajiyar Madarumfa. Jiya ta dube ni ta ce ba haka yake cewa ba. Na ce to yaya yake cewa? Ta buɗe baki, ta daɗe, ba ta tuna ba. Ni ma na nema a kaina, muryata kawai na ji.